Ba Zan Shafa Man Torstein Ba

Yaya Marleen,

Ina gaishe ki daga Bergen ta ƙasar Norway. Ya gwiwar Mama? Ya yaran? Ni lafiya ƙalau, aikin gonar kifi yana tafiya.

Kada ki tayar wa Mama da hankali, amma kwanan nan keke yana gagarata. Tudun da a da nake hawa cikin sauƙi har ina fito, yanzu sai na sauka na tura. Likita ta gwada jinina, ta ce sinadarin mazantaka, wato testosteron, ya yi ƙasa.

Da na faɗa wa Torstein, abokin tseren kekena, sai ya zaro daga jaka wani man shafawa mai ɗauke da sinadarin, wanda aka haramta wa 'yan tsere. "Kai ɗan Beljiyam, shafa kawai! Wa zai gwada fitsarin tsohon da kullum yake can baya?" Na ce masa masu gwaji har tseren ƙauyenmu suna zuwa, kuma sunan marigayi Baba ne a jikin kofin tseren.

Da likitar ta ji har taliya nake aunawa a sikeli don kada in yi nauyi, sai ta ce, "Bawan Allah, da yunwa kake kashe kanka. Ci, ka huta, mu sake gwadawa."

Na jefar da sikelin. Zan shiga tseren bikin ƙauye a Satumba, ko da na ƙarshe zan zo, da ƙarfin ƙafata zan zo. Ki turo mini cakulan. Ki ce wa Mama ta soya dankali da yawa, bana ba zan ture farantinta ba.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Dries