Sunana ya sa wa kalmar da ke sa kwamfuta i'ina

Salama gare ku jama'ar wannan zaure, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a wuya.

Ina da i'ina tun ina yaro. A shekarun casa'in, Taraba na sabuwar jiha, na yi aiki a wani ƙaramin kamfanin kwamfuta a Jalingo, muna ajiye bayanan manoman Lau da Sunkani. Matsalarmu ita ce idan ka rubuta wa kwamfuta tambaya a cikin tambaya, ita ke zaɓen hanyar da za ta bi, sai ta yi ta maimaita ta cikin a kan kowane manomi, har wuta ta ɗauke ba ta gama ba. Ni na zauna na tsara kalmomi biyu da za a riƙa sawa a gaban tambayar ciki, ɗaya ta ce mata yi sau ɗaya ki riƙe amsar, ɗayar ta ce maimaita, don akwai inda maimaicin ya fi.

Ogana da farko ya ce shirme ne, wai inji ya fi ni hankali. Da ya ga abin ya yi aiki sai ya ce shi zai raɗa musu suna. Ta sau ɗaya ya sa mata sunansa, ta maimaici ya sa mata nawa. A gaban kowa ya ce, “Kwamfuta ta kama ciwon abokina, to ta ɗauki sunansa ma.” Aka yi ta shewa har da masu riƙe ciki. Daga ranar duk wanda zai buga kalmar sai ya kwaikwayi bakina. Na shanye saboda ina da iyali, amma wallahi na tsani mutumin nan, har yau ban daina ba.

Yanzu 'yata ta gama karatun kwamfuta, ta samu aiki a kamfanin, kuma tsohon tsarin na nan. Ta ci karo da sunana a ciki, oga ya ce mata karrama ni aka yi. Ta zo gida a unguwar Sintali da murnarta tana cewa, “Baba, ashe kai babba ne ka ɓoye mana!” Ta faɗa wa ƙawayenta, ta faɗa wa wanda zai aure ta.

Ga shi za su yi bikin kamfani, ita da kanta ta roƙa a ba ni lasifika in yi bayanin kalmar. Oga ya amince nan take. Ya kira ni yana dariya, wai in zo da sassafe don mu samu mu gama kafin rana ta faɗi.

Idan na gaya mata gaskiya na san halinta, za ta ajiye aikin. Idan na yi shiru, tana zaune a layin gaba za ta ji dalilin dariyar da kunnenta. Jama'a, in faɗa mata ko in je in tsaya a gabansu?