Malamin Ninƙaya da Wutsiyar Saniya

Litinin, 3 ga Agusta, 1992
Sallama da gaisuwa mai tarin yawa gare ka, ya kai farin littafi, tare da neman gafara bisa kutsen da alƙalamina zai yi maka. Farin ciki ne ya hana ni shiru. Yau na iso jami'a domin kwas ɗin malaman wasanni, ɓangaren ninƙaya da ceto. Tun da aka datse ruwa a Ƙaraye yaranmu ba sa jin tsawa, kullum suna bakin dam. Hedimasta ya ce wanda ya kawo satifiket shi za a damƙa wa koyar da su. Ni ne, in Allah ya so!

Alhamis, 6 ga Agusta
Na mayar da darasin Dokta Abdulsalami waƙa, baiti arba'in:
Ka miƙa hannu ka ture ruwa,
Ka buga ƙafa, ka daina rawa.
Aji ya tafa. Ban gaya wa kowa cewa ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba.

Asabar, 15 ga Agusta
Na ɗaya a jarrabawar rubutu!

Laraba, 26 ga Agusta
Jarrabawar tafki. Dokta ya ce a tuɓe sai gajeren wando. Ni, mai furfura, gaban sa'o'in 'ya'yana? Na shiga da jamfa da wando. Jamfar ta sha ruwa, ni ma na sha. Ɗan ajinmu, Ilu na Rogo Ruma, ya miƙo mini gora, yana cewa, "Baba, kama wannan, baitin ya jira." Na faɗi jarrabawar.

Juma'a, 4 ga Satumba
Gida. Matata Turai ta ce, "Malam, ina takardar? Ko ita ma ta jiƙe?" Daga zaure ina hango yara sun nufi dam.

Lahadi, 13 ga Satumba
Na je wurin Hammawa, makiyayin da ke ƙetarar da shanu ta wani rafi. Na fara rera masa baitocina. Ya ce, "Malam, ruwa ba ya jin Hausa. Cire rigar, riƙe wutsiyar waccan." Na cire. Ya dubi tumbina ya ce wannan ai ba ya nitsewa. Saniya ta ja ni har ƙetare, ina salati.

Alhamis, 1 ga Oktoba
Yau Hammawa ya kora saniyar gaba ban sani ba. Sai a tsakiya na lura hannuna babu komai. Na ƙarasa. Na nemi baiti, bai zo ba, ban kuma damu sosai ba.
Na rubuta wa Dokta layi uku kacal: ina roƙon a sake gwada ni, na sayi gajeren wando, kuma don Allah amsa ta zo da wuri, domin yaran ba sa jira.