Minjiryar da na ɗora wa jikana a baya

Salamu alaikum jama'ar wannan shafi, manya da yara ina gaishe ku. Ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, da baki na aiko, mai shafi ya rubuta yadda na faɗa. Ku ɓoye sunana, kuma ku ji ƙarshen magana kafin ku zage ni.

Ni 'yar masunta ce, kifi nake saidawa a bakin ruwa wajen Gaweye tun ba a haifi yawancinku ba. Ina da jika, bai kai shekara goma ba, angona nake ce masa. Bara mota ta buge shi, ƙashin baya ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Kwanan baya wasu lokotoro, wato likitoci, baƙi suka zo da na'ura, ana manna wa yaro wayoyi a baya, kuran, wato lantarki, kaɗan-kaɗan yana shiga, ana motsa masa ƙafafu. Da idona na ga wata yarinya ta ɗaga babban yatsa, uwarta ta faɗi tana kuka. Suka duba angona, suka ce yana ciki, amma a jira layi ya zo kansa.

Jira! Ni da ba ni jiran kowa? Na ce a raina, kuran ne fa kawai. Mu da Allah ya ajiye wa kuran a cikin kogi tun ba a san waya ba? Minjirya, kifin nan mai kuran a jiki, ta sha jefar da ubana cikin jirgi. Na sa aka kamo mini mai rai, na ɓoye ta a baho. Ranar da uwar yaron ta tafi kasuwar Wadata sayayya, na kifa shi a tabarma, na ce, "Angona, yau amaryarka za ta tashe ka." Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, in na tashi wata zan aura." Na ɗora masa ita a gadon baya. Ƙafar ta zabura, wallahi ta zabura! Na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Na sake, na sake, ina zuba ruwan bahon a bayan yaron don kada kifin ya mutu. Akwai ɗan ƙurji a ƙugunsa, na kwanciya, bai kai ƙwayar wake ba. Na gan shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na gan shi, na ce ba komai.

Yanzu ƙurjin nan hannuna zai shige ciki. Yana wari, zafin jiki ba ya sauka, maganin da suke ba shi bai kama ba. Layi ya zo kansa, wata lokotoro mace cikinsu ta ce ba a manna waya a kan gyambo, aka sa wani yaro a madadinsa. Ta tara mu ta ce, "Wannan ba na kwanciya kaɗai ba ne. Me ya taɓa wurin? Ku faɗa mini don in san maganin da zan ba shi." Ta dube ni ta ce, "Inna, ko an shafa na gida?" Kun san abin da na ce? Na ce, "Ni? Yarinya, na raini 'ya'ya kafin a haifi uwarki." Ta ba ni haƙuri. Ita ta ba ni haƙuri!

Ɗana, uban yaron, sai ya juya kan matarsa. Wai ƙazantarta ce, ba ta juya shi, ba ta wanke shi. Yarinyar nan da bayanta ya ƙage wajen ɗaukar ɗanta! Ta durƙusa gabana ta ce, "Inna, ke kina gani, ki faɗa masa ina kula." Na ce, "Allah dai ya sani." Iyakar abin da na ce ke nan. Ɗana ya ce in yaron ya rasa wannan dama, ta tattara ta koma gidansu.

Jiya na je duba angona, ya rame, leɓe duk ya bushe. Ya jawo zanena ya ce a hankali, "Kaka, ban gaya wa kowa ba. Kada Baba ya yi miki faɗa." Yaro yana kwance yana ruɓewa, yana rufa mini asiri. Wace irin kaka ce ni?

Baƙin sun kusa komawa ƙasarsu. In na faɗa, wataƙila a gane maganin, gyambon ya rufe kafin su tafi. Amma ɗan nan nawa bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma na san shi, ba zai sake bari in taɓa yaron ba har in mutu. Unguwar da ake kawo mini jarirai in yi musu wanka za ta ji ni na kashe bayan jikana. In na yi shiru, zazzaɓin nan ba shi da niyyar sauka. Na sa ƙafa a ƙofar lokotoro, na ji muryarta ciki, na juyo.

Ita zan fara gaya wa a ɓoye, ko ɗana, ko in durƙusa wa surukata yadda ta durƙusa mini? Jama'a, me zan yi?