Wai Ni Ce Maƙwabciya

Ya Tihomir, sanyin idaniyata, inuwata a tsakiyar rani, ruwan da nake sha ƙishirwa ta ƙaru! Zuciyar da ke gaishe ka cike take da sonka, amma da haushi nake rubuta maka wasiƙar nan.

Kai ne ka ce mu bar garinmu Zadar mu tafi yawon buɗe ido tafkunan Plitvice yini guda, can inda babu idon sani, mu sha iska kamar kowa. Na yarda. Na yi sammako na gasa mana burodi mai cuku, na sa shuɗiyar rigata. A cikin bas ka riƙe hannuna har tafinmu ya yi gumi, ni kuwa, tsofai-tsofai da ni, sai murmushi nake ta zubawa. Can a hanya sai ga Slavka, yayar marigayiya matarka, ta hawo da jakarta. Wayyo! Ban taɓa ganin hannu mai saurin gudu irin naka ba.

Da yarinyar nan jagorar ayarinmu, Vedrana, ta ɗaga jar lemarta tana tambayar wa ke tare da wa don ta zaunar da mu a jirgin ƙetare tafki, me ka ce? Maƙwabciya ce. Ni, Tihomir? Maƙwabciya ce ta san ba ka shan kofi sai ya huce? Maƙwabciya ce ta yini tana shafa maka man zafi lokacin da bayanka ya riƙe, kana nishi kana kiran sunanta?

Ga tafkuna kore shar, wannan na zuba cikin wancan, ga kifaye tsaye cak a ruwa ana hango su har ƙasa. Kowa na ɗaga waya yana santi, ni kuwa ƙeyarka kawai nake kallo, don ka ba ni tazara kamar mai cutar da ake ɗauka. Wallahi duk kyawun nan ɗaci ya yi mini.

Duk wannan da na haɗiye. Amma a gindin babbar mafaɗar ruwa, inda feshi ya jiƙa gadar katakon nan marar makari, ƙafata ta zame. Kai ne kusa da ni, kai na miƙa wa hannu. Da idona na ga idonka ya fara zuwa kan Slavka kafin ya zo kaina! Yarinyar mutane ce ta yar da lemarta ta cafke ni, bayan gwiwata ta riga ta daki katako. Ita Slavkar da kake tsoro ce ma ta ce, "Haba Tihomir, kama mata hannu mana. Wa kake ɓoye wa? Ko masu sayar da kifi sun sani." Kai kuma ka yi 'yar dariya, ka juya kana tambayar jagora tsawon mafaɗar ruwan. Tsawon ruwa, alhali ina durƙushe!

Ya hasken gidana, yaushe na ce ka manta da marigayiya? Ni ma na binne miji, na san nauyin abin. Ka kai furanni kabarinta duk ranar da ka so, ni zan tsinko maka su. Amma ba don ita ka janye hannu ba. Kunyar a ce ka sake son wata kake ji, ni kuwa na gaji da zama abin kunyar mutumin da nake alfahari da shi.

Ranar Lahadi, in an tashi daga coci, ka same ni bakin teku inda duk gari ke zaman shan kofi. Ka ba ni hannunka mu bi ta gabansu, a hankali, don gwiwar har yanzu a kumbure take.

Sonka ba zai ragu ba ko ka zo ko ka ƙi, kuma ba wani da zai shiga inda ka shiga a raina har a rufe ni da ƙasa. Sai dai ƙofar bayan nan da kake laɓaɓowa ta cikinta, jiya na sa kafinta ya buga mata ƙusa. Ta gaba a buɗe take, kuma titi take kallo.

Taka har numfashin ƙarshe,
Nevenka