Rikodar Rabi a Ɗakin Baba

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da Yaya Hauwa da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu a Soron Ɗinki sai godiya.

Maganar ƙanwarmu Rabi ce. Tun da sojoji suka koma bariki kowa ke sabon lale, ita ma ta ajiye koyarwa, wai za ta karanci gyaran magana a digiri na biyu. Kwasa-kwasan share fage fa kawai take yi, amma kullum tana ɗakin Baba da rikoda da madubi, tana sa shi motsa leɓe. Har ta hana a ba shi rubutu a kwance, wai zai sarƙe shi. Na ce, "Rabi, jinya kike ko gwaji?" Sai ta ƙara matsa masa madubin.

Jiya, karon farko tun da jikinsa ya shanye, Baba ya yi magana. Ya ce, "Rabi." Ni da nake ba shi kunu a baki tun damina, ko harafi ban samu ba. Anya ba sunanta kaɗai take kunna masa a kaset ɗin ba?

Ka gaida kowa. Ka yi wa Baba addu'a, ni ma ka roƙa mini Allah ya raba ni da zato.

Ƙanwarka,
Hajara