Amsar Baba a Kan Hoton Taurari

Tibiri, Oktoba 1960

Zuwa ga ƙanena Labo,

Bayan sallama da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka lafiya a can Faransa, Ya kare ka daga sanyin da kake ba mu labari. Mu nan lafiya lau. Gero ya yi kyau bana, har rumbun Gidan Sori ya cika, wake ne kawai tsutsa ta taɓa. Ƙanwarmu Maijidda ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Nana. Ni kuma ina nan ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta Gidan Rumji, sai hutun mako nake leƙowa gida.

Saƙonka ya iso tare da hoton, kuma ya ta da ƙura. Da na karanta wa Kawu Hambali cewa malamanka na son ka ƙara wasu shekaru kana aiki da babban madubin hangen nesa, sai ya ce sam. Ya ce yanzu da muka sami mulkin kai Turawa na barin buro, wato ofisoshin gwamnati, ana neman masu ilimi ido rufe, kuma an riga an yi masa maganar ba ka aiki a Maraɗi. Inna ta goyi bayansa, ko da yake ka san ba buro ne ya dame ta ba. Abin da ban taɓa rubuta maka ba shi ne yanar ido ta rufe idanun Baba tun bara, yanzu da murya yake gane mutane.

Bayan la'asar Baba ya sa na zauna kusa da shi a zaure, ya ce in gaya masa abin da ke cikin hoton. Na ce wani ɗan fari-fari ne mai siffar ƙwai, da wasu ƙanana kewaye da shi. Na maimaita bayaninka, cewa ƙwan nan taurari ne cunkushe da ba su ƙirguwa, na kewayen ma kowanne haka yake, kuma haskensu ya daɗe a hanya fiye da yadda hankali zai ɗauka. Ya yi tasbihi, ya sa na ɗora yatsansa a wurin. Sai ya tambaya ko wanda ya fara ganin abin ya san mene ne. Na ce a'a, ka ce ya rubuta shi a matsayin ɗan hazo, ya mutu bai sani ba, na bayansa suka yi ta dubawa suna gyara madubi, sai a zamanin nan aka gane. Ya sake tambaya ko akwai ɗan ƙasarmu da ya taɓa sa hannu a aikin. Na ce ban ji ba.

Daga nan ya aika aka kira Kawu da Inna. Ga maganarsa yadda ta fito: "Buro ba ya rasa mai zama. Wanga aiki kuwa wasu sunka fara, wasu za su ƙarasa, ina son a ce da namu a ciki. Ko ya dawo gobe ba huskarshi zan gani ba. Ya tsaya ya gama." Kawu ya yi gunaguni, amma da zai tafi shi ya karɓi hoton ya kai wa abokansa a kasuwa, yana cewa aikin ɗansa ne.

Sharaɗi ɗaya Baba ya gindaya, ka zo hutun damina mai zuwa ya ji muryarka. Akwai kuma likitan da ya duba shi a Maraɗi, ya ce irin wannan yanar ana cire ta, za mu koma in an gama kaka. Ka taya mu addu'a.

Inna ta yi kukanta a ɗaki, washegari ta tashi ta daka maka yaji da kuka, suna nan tafe. Ta ce in gaya maka ta ga taurarin, sun yi kyau, amma wani karon ka tsaya gaban mai hoton da kanka, tana son ta ga ko ka rame.

Baba da Inna suna sa maka albarka. Kawu Hambali, Gwaggo Habi, Maijidda da Baturiya duk suna gaishe ka. Allah Ya ba da sa'a, Ya sada mu da alheri.

Naka yaya,
Chindo