Muryar Yayana Tana Cikin Tsohuwar Kwamfuta, Inna Ta Hana A Buɗe Ta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, Hausawan Injamena ba mu da yawa a nan, ana ganin sunan za a gane gidan. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'ar nan, kaina ya kulle, daga siba, shagon intanet, nake rubuto muku.

Ni 'yar unguwar Bololo ce, mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da yayana, bari in kira shi Yaya Habu. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ya kwaso wata kwamfuta da wani ofis ya gaji da ita, mu nan ordinata muke cewa, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan, fara ce amma tsufa ya mai da ita kalar koko. In ka kunna ta, kafin ta gama farkawa ka dafa shayi ka shanye. Da ita yake buga wa mutane takardu a ɗakin zaure, in babu aiki ya zauna jera karta, ko wasan wani ɗan mutum mai tsallake rami yana faɗawa kan ƙusoshi. Yadda yake lallaɓa ta ya sa Inna ta raɗa mata suna amaryar Habu.

Ita kuma Inna ba ta iya ganin ƙura ta ƙyale. Yana fita za ta shiga da jiƙaƙƙen tsumma ta goge amaryar tas, ta rufa mata zane, wani lokaci har tiren shayi take ɗorawa a kai. Ya yi magana har bakinsa ya gaji. Rannan ya aro makirfo ya ɗauki muryarsa, ya sa ta a madadin ɗan kiɗan da na'urar take yi in ta tashi. Washegari Inna tana cikin goge-gogenta hannunta ya danna maɓalli, jim kaɗan sai ga murya daga cikin akwatin: "Inna, sauke hannunki, na gan ki!" sai kuma dariyarsa ta biyo baya. Inna ta yar da tsumma ta fito tsakar gida tana salati, ɗankwali a hannu. Mun yi dariya har da hawaye, ita kuwa ta yini ba ta kula shi ba, da daddare kuma ta zuba masa naman da ya fi na kowa.

Shekarun baya kaɗan zazzaɓi ya kama Yaya Habu. Inna ta so a yi masa na gida, ni da Kawu ƙanenta muka matsa sai asibiti, ni da bakina na ce mata allura kawai za a yi masa mu dawo da shi. Ba mu dawo da shi ba. Allah ya jiƙansa, ku sa shi a addu'a.

Bayan arba'in Inna ta ce in nuna mata maɓallin nan. Tun daga ranar, kullum da hantsi sai na tayar mata da janareto, don wutar garin nan sai ta ga dama take zuwa. Za ta jiƙa tsumma da gangan, ta ɗora hannu a kan akwatin, ta jira duk wannan gurnanin, har ya ce ta sauke hannu. Sai ta ce, "Na ƙi ɗin, ja'iri." Daga nan ne take karyawa. Ranar da ba ta ji shi ba ko ruwan shayi ba ta sha, na gwada na gani.

To tun damina na'urar ta fara wani ƙas-ƙas a ciki kamar ɓera yana cin itace. Da farko dariyar ce ta ɓace, sai "na gan ki" ta bi ta, yanzu "Inna, sauke han..." kawai yake cewa sai shiru. Duk shekarun nan ban taɓa tunanin in ɗauki muryar a kaset ba, gani nake abin ƙarfe ai ba ya mutuwa. Da na farga na kara wayata, rabin maganar na samu, shi ma ƙarar janareto ta cinye shi.

Na ɗauko wani mai gyara daga unguwar Kabalaye, dattijo ne mai haƙuri, ya san irin waɗannan tsofaffin. Ya ce muryar 'yar ƙarama ce, disket ɗaya zai ɗauke ta, amma da ya leƙa ramin disket ɗin ashe zanzaro ya gina gida a ciki ya toshe shi da laka. Wurin soka kile, wato filas, kuma babu, an haife ta kafin a zo da wannan yayin. Ya ce faifan da ke ciki ne yake mutuwa, kuma duk kunnawa ɗaya ƙara kankare shi take yi. Hanya ɗaya ce, a cire faifan ya kai shagonsa ya haɗa da wata na'ura, wataƙila ya zaro muryar cikakkiya har da dariyar, ya sa sabon faifai a akwatin nan dai, Inna ta ci gaba da jin ɗanta. Amma ya ce min, "Ya akhti, 'yar uwata, ba zan yi miki alkawari ba, yana iya mutuwa a hannuna. In kuma aka bar shi, kalas, shi ke nan, kwana kaɗan ne."

Yana fito da sukudireba Inna ta tashi tsaye. Ban taɓa ganin ta kori baƙo ba sai ranar, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba. Da ya tafi ta dube ni ta ce, "Haka kika ce min allura kawai za a yi masa. Duk wanda ya farke shi, ko ya fitar min da shi daga ɗakin nan, ban yafe ba." Ku lura, shi take cewa, ba ita ba. Wallahi maganar nan ta dake ni, na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Na kai wa Kawu ƙara ina zaton zai lallashe ta, ashe na ƙara wa kaina zafi. Shi cewa ya yi a bar abin ya mutu, hakan ne alheri, wai mu muka hana ta dangana, mamaci addu'a yake so ba hira ba. Muka yi sa-in-sa, na ce masa shi ba ya nan lokacin da take ƙin cin abinci, ya ce ba ni da kunya, har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau. Na san akwai gaskiya a maganarsa, amma ba shi zai zauna da ita ranar da akwatin ya yi shiru gaba ɗaya ba.

Ga inda nake yanzu. Ranar Juma'a Inna za ta unguwar Atrone wurin suna, yini za ta yi. Mai gyaran ya ce in na kawo masa da safe, kafin la'asar an san matsayi. In ya yi nasara, za ta ji dariyar ta dawo, kuma Inna ba yarinya ba ce, za ta tambaye ni, ban san da wane baki zan amsa ba alhali ta ce ba ta yafe ba. In kuma faifan ya mutu a shagon, to ni ce na fitar da shi daga gidan sau biyu ban dawo da shi ba. In na bi maganarta na naɗe hannu, ina kallo zai ƙare a gabanmu.

Malaman cikinku, furucin da uwa ta yi cikin ɗimuwa yana kama ɗa ko da alheri ya nufa? Masu ilimin na'ura, akwai wata dabarar da ba sai an buɗe ba? Iyaye mata, in ku ne, wanne za ku fi iya yafewa?

Yau da safe sai da muka kashe muka kunna har na fidda rai, sannan ya ce "Inna" kawai. Ta shafa akwatin ta ce in bar shi ya huta, yau jikin ne. Ba don ita kaɗai nake wannan haukan ba, ni ma na fara manta yadda dariyar yayana take. Don Allah ku faɗa min, in ɗauke shi ranar Juma'a ko in bar shi?